Mutumin da Ya Tsince Ƙugiyoyin Tafkinmu

Kawu ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, tafkin bayan garinmu kuma cike yake da ruwa. Na rufe shagon ɗinkina a Kankia na hau babur, na iske har an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. A kan tabarmar nan raina ya fara ɓaci, kuma har yau da nake wannan rubutu bai gyaru ba.

Mutane kam sun zo. An zo daga Dudunni, an zo daga Boko, har daga Tafashiya akwai waɗanda suka yi takakkiya. Yadda ake gaisuwar ne ya dame ni. Mutum zai durƙusa ya yi addu'a ya shafa, sannan ya rage murya ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai Allah shi yahe mishi abin da ya taɓa." Wani ya ce, "Ai mun san shi da sallah, amma dai ɗakin nan nashi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki." Ɗakin da suke nufi yana gefen zaure. Na lura duk wanda ya zo sai ya ja jikinsa daga wajen, ana cunkushe a rana alhali ga inuwa a gindin bangon ɗakin babu kowa.

Mutum ɗaya ne ya zauna a inuwar nan, har ya jingina da ƙofar. Tsohon makiyayi ne, aminin Kawu, muna ce masa Baffa. Ya aika da ƙwaryar nono cikin gida, ya ajiye sandarsa, bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Tun da mutumin nan ya kama aikin tafki, saniyata ba ta sake ɗingishi ba." A duk zaman makokin nan, wannan ce kaɗai maganar da na ji wadda ta yi kama da Kawun da na sani.

To, bari in faɗi abin da ke cikin ɗakin, tunda ni na sha shiga, kuma ban fito da ƙaho ba. Ƙugiyoyin kamun kifi ne. Kawu yakan yanka karan dawa kamu guda guda, ya soka ƙugiyoyi a jikinsa a jere, ya ɗaure da igiya ya rataye a azara. Kowane kara da ma'anarsa. Wannan na ƙirar wani maƙeri ne na Kusada wanda ya mutu tun kafin a haife ni. Wancan na masuntan da ke zuwa daga yamma ne su yi wata biyu su wuce. Akwai na kanti masu ido, akwai na hannu waɗanda aka daddale gindinsu da guduma don zare ya kama, akwai waɗanda aka lanƙwasa daga wayar keke ko ta tsohuwar lema. A ƙasa kuma ga ƙore cike da abin nitsar da zare, na dalma da na gasasshen yumɓu irin na mutanen da. Ga tsohuwar homa ta kamun kifi a jingine, ragarta ta zaren auduga da aka murza da hannu. Ga goran masunta guda biyu, ɗaya ya tsage an ɗinke shi. Ga kuma wasu 'yan kifayen ƙarya masu walƙiya, na ƙarfe, da wasu baƙi masu aikin madatsar ruwa suka bari. Kawu yana raina su ƙwarai, amma kullum sai ya goge su. Yakan ce, "Kihin da ya haɗiyi wanga ba yunwa ta kashe shi ba, son kallo ne."

Shi kansa ba masunci ba ne. Manomi ne, gero da dawa da wake, kamar kowa. Ban taɓa ganin ya jefa fatsa a ruwa ba, kifi ma bai dame shi ba a tuwo. Aikinsa yana farawa ne idan rani ya yi nisa, tafki ya ja baya, laka ta fara tsagewa. Sai ya naɗe wando, ya ɗauki ƙwarya da ɗan tsinken ƙarfe, ya shiga bin lakar nan a sunkuye kamar mai kalar gyaɗa. Duk ƙugiyar da ta tsinke wa masunci ta nitse, duk guntun mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi barkatai da ake shimfiɗawa a ruwa, Kawu zai tono shi. Ya wanke, ya juya shi a tafin hannu, ya duba lanƙwasar, ya duba ƙullin zaren da ya rage. Daga nan ya san mai shi.

Kuma ba ya ajiyewa idan mai shi yana da rai. Har ƙofar gida yake kai masa. Ya yi sallama, mutum ya fito, ya miƙa masa ƙugiya mai tsatsa ya ce, "Ga kayanka, ruwa ya ce bai iya aje maka." Waɗanda ke rataye a ɗaki na matattu ne, da na baƙin da suka wuce, da waɗanda daga baya mutane suka riƙa kawo masa idan sun share ɗakin kakanninsu.

Wannan hali ya jawo masa baƙin jini, ba zan ɓoye ba, don Kawu ba shi da sassauci a baki. Akwai ranar kasuwa da ya tare wani masunci a rumfar masu kifi, ya zube masa guntun mamari a kan faifai, ƙugiyoyin duk sun yi ja da tsatsa. Mutumin ya rantse ba nasa ba ne. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya ciro zare daga aljihu da sabuwar ƙugiya ya ce, "To ɗaura mani wagga, in gani." Mutane suka taru. Masuncin ya karɓa da hannun hagu, ya naɗa zaren ta baya, ya ja da haƙori. Kawu ya ɗora ƙullin kusa da na faifai, ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne. Ya ce, "Bahago ɗai gare mu a ruwan nan. In igiyarka ta tsinke, ka shiga ka hiddo ta. Ɗiyan mutane na wanka wurin." Mutumin ya yi shekara ba ya gaishe shi. Amma bai sake barin igiya a tafki ba.

Haka kuma na ga idonsa ya yi laushi sau ɗaya. Wani magidanci ya zo daga Boko, ya ce ubansa masunci ne, ya mutu shi yana goye, bai san ko kamanninsa ba, an ce masa Kawu ya san shi. Ina zaune a zauren ranar, na kawo wa Kawu rigar da na ɗinka masa. Kawu ya shiga ɗaki ya sauko da wani kara, ya zare ƙugiya ɗaya ya sa wa mutumin a hannu. Ya ce, "Dubi nan. Kowa sau ukku yake naɗawa, ubanka sai ya ƙara guda, don bai yarda da kowa ba har zare. Wanga ƙulli yatsunshi ne suka yi shi." Mutumin nan, da gemunsa, ya zauna a ƙasa yana kallon guntun zare har aka kira la'asar. Da zai tafi Kawu ya naɗe masa ita a ganyen kalgo, ya kuma hana shi godiya.

Abin da ya ɓata masa suna shi ne korar yara. Idan ruwa ya fara ja, kafin ya gama tsintarsa, ba yaron da ya isa ya taka lakar nan ba takalmi. Da tsumagiya yake bin su. Jikokinsa ma ba su tsira ba, musamman 'yar babban ɗansa, wadda ko wanki aka aike ta sai ya raka ta ya tsaya a kanta. Sai mutane suka fara haɗa zance. Ga tsoho yana yini shi kaɗai a tafki yana magana ƙasa-ƙasa. Ga shi ya hana yara zuwa. Ga ɗaki cike da ƙarafa. Ga kuma wata ƙugiya guda da ya rataye ita kaɗai a saman ƙofa daga ciki, da jan zare, ba ya bari kowa ya taɓa. Shi ke nan, aka ce yana da alkawari da mutanen ruwa. Maganar da yake yi ƙasa-ƙasa kuwa tsaki ne da zagin masu sakaci, na sha ji da kunnena.

Labarin ƙugiya mai jan zare a bakin mahaifiyata na ji shi, Allah ya jiƙanta, ita ce ƙanwar Kawu. Kawu ya yi 'yar fari, mace, tun kafin a haifi sauran. Tana ƙarama ta bi 'yan mata ɗiban ruwa da rani, ta taka ƙugiya a laka. Mahaifiyata ce ta riƙe ƙafar, Kawu ya zare ƙarfen. Aka sa magani aka ɗaure, aka ɗauka abin ya wuce. Bayan kwanaki haƙoran yarinya suka datse, jikinta ya sanƙare, ta rasu kafin a kai ta asibiti. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna ya san da shi, ko mutuwa ya yi ba a ganin hawayen uba. Kawu ya binne 'yarsa bai ce uffan ba. Ya zare zare ɗaya daga zanenta ya ɗaura wa ƙugiyar, ya sa a aljihu, ya shiga bin maƙera da masunta yana tambaya, "Wa ya ƙera wagga? Wa ya ɗaura ta?" Garin wannan nema ya koyi hannun kowa. Ya gano mai kowace ƙugiya a ƙasar nan, ban da wannan ɗaya. Bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ma kunyar ba ta bar ta ta faɗa ba.

Bayan sadakar uku na koma Kankia, da niyyar in dawo ranar bakwai. A tsakanin nan aka yi abin da aka yi. Babban ɗan Kawu taubashina ne, tun muna yara wasa ne tsakaninmu, yana ce mini bawansa ina ce masa malalaci. Yana sayar da hatsi a birni, ba mugu ba ne, amma kunnensa na kowa ne. Maganganun zaman makoki sun shige shi, ya ce shi ba zai yarda a riƙa yi da ubansa a kabari ba. Sai masu ba da shawara suka taru a zaure. Wani ya ce a ƙone kayan, aka ce a'a, hayaƙin zai koma kan gida. Wani ya ce a ba masu sayen tsohon ƙarfe, aka ce za a ɗauki alhakin bayin Allah. Sai wani dattijo ya kawo tasa hikimar, ya ce kayan ruwa ne, a mayar wa ruwa abinsa, kowa ya huta. Duka zauren ya ce madalla. Da hantsi suka ɗaura shanu a amalanke, suka loda aikin da mutum ya yi shekara da shekaru yana yi a sunkuye, suka kai bakin tafki, samari suka shiga har ƙirji suka watsa.

Na dawo na iske ɗaki fayau, an share, har an yi masa turare. Igiyoyin ne kawai ke lilo a azara. Na fito tsakar gida, na iske taubashina yana alwala.

Na ce, "Ɗan Kawu, ina kayan ɗakin can?"

Ya ce, "Mun maida su inda suka hito. Ka ga yanzu bakin mutane ya mutu."

"Cikin tafki?"

"To ina za a kai su, ɗan Gwaggo? Kai ba ka nan, ba ka ji abin da ake hwaɗi ba."

Na ce, "Ka san mi ya sa yake tsinto su? Har da mai jan zaren kuka jefa?"

Ya ce, "Ita muka hwara jefawa. Ai ita ce uwar abin."

Na buɗe baki zan faɗa masa. Sai na ji gyaran murya daga ɗakin Inna, tana cikin takaba, labule a sake. Ta ce, "Ɗan nan, bari." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na haɗiye maganata, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Daga ranar wasan taubasantaka ya ƙare tsakanina da shi.

Ina so a fahimci abin da ke ƙona mini rai. Mutanen nan sun ci moriyar Kawu ba su sani ba. 'Ya'yansu sun yi iyo a tafkin nan sun fito lafiya, matansu sun yi wanki, dabbobinsu sun sha ruwa, suna ganin haka Allah ya yi wurin. Bayan wani tsoho ne ya lanƙwashe a kan haka. Da yana da rai ba wanda ya taɓa cewa, Malam, me kake yi da waɗannan? Ƙofar ɗakin ko kwaɗo ba ta da shi. Tsoronsu ya fi musu daɗi a kan tambaya guda. Kuma da suka tashi wanke masa suna, sai suka yi da hannunsu ainihin abin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Bakin mutanen ma bai mutu ba, cewa suka koma yi, da babu komai a ciki ai da ba a kai su ruwa ba.

Ruwa bai fara ja ba sai da aka ga sakamako. Karan dawar ya jiƙa ya ruɓe, ƙugiyoyin suka bazu. Wata karsanar Baffa ta fito da ƙugiya a leɓe, sai da aka kayar da ita aka yanka wurin. Wani yaro ya taka wata, aka garzaya da shi Kusada aka yi masa allura, Allah ya taƙaita. Ka san abin da aka ce a majalisa? Wai mutanen ruwa ne suka yi fushi don an rabu da mai ba su haƙƙinsu.

Da bazara ta kama, laka ta tsage, Baffa ya aiko mini. Na rufe shago na zo. Mu biyu muka naɗe wando, shi da tsufansa ni da ciwon bayan tela, muka shiga. Muna tona, muna zubawa a ƙwarya. Ni ban san ƙirar Kusada daga ta yamma ba, duk tsatsa ce a idona. Baffa yakan ɗaga wata ya juya ta yadda Kawu ke yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai ya jefa cikin sauran. Masu wucewa suna tsayawa daga nesa su yi kallo. Na ji wata mata tana cewa abin ya koma kan ɗan ƙanwarsa. Mun samu kifayen ƙaryan nan biyu, ba sa walƙiya kuma. Mun samu katakon homa, ragar ta narke. Kullum idona yana neman ja a cikin baƙar laka, har Baffa ya lura.

Ya ce, "Mi kake nema haka?"

Na ce, "Mai jan zare, Baffa."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Zaren da ya girme ka, ya kwana cikin ruwa tun kaka? Ya tahi tuni. Ko tana cikin ƙwaryar ga, ko tana ƙarƙashin ƙahwarka, ba ka da yadda za ka sani."

Kafin in bar garin na shiga gaishe da Inna, ta fita takaba. Ta ga laka a ƙafata, ta ga ƙwaryar. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Taubashinka ya zo gida jiya. Ka hwaɗa mishi. Ni bakina bai iyawa."

Na same shi a ƙofar gidansa yana duba buhunan iri. Na yi sallama, na dire ƙwaryar a gabansa, ƙarafan suka yi ƙara. Na ce, "Ga kayanka, ruwa ya ce bai iya aje maka."

Ya gane maganar ubansa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ɗan Gwaggo, abin bai wuce ba?"

Na ce, "Ka san an yi wata kahin kai?"

"Na ji an ce an yi, ta koma tana ƙarama."

Sai na gaya masa duka, a tsaye, ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Ƙafar da mahaifiyata ta riƙe, haƙoran da suka datse, zaren zanen yarinya, yawon maƙera. Na ce, "Wadda kuka hwara jefawa, ita ta kashe yayarka. Ubanka ya hidda ta daga tafki, kai ka maida ta."

Muna tsaye haka sai ga 'yarsa ta shawo kwana da bokitin wanki a ka, daga tafki take, ba takalmi, laka har idon sawu. Ta durƙusa ta gaishe ni ta shige. Bai dube ni ba, bai dubi ƙwaryar ba. Sawun da ta bari a ƙasa yake kallo. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Tana cikin waɗanga?"

Na ce, "Ban sani ba." Na ɗauki ƙwaryar na tafi.

A makon nan ruwan farko ya sauka, tafki ya rufe abin da ya rage. An ce mini taubashina ya saya wa yaran gidansa takalman roba, ya kuma tambayi Baffa yaushe laka ke tsagewa. Ban yafe masa ba tukuna, su kuwa masu shawarar zaure ko gaisuwa ba na so ta haɗa mu.

Allah ka jiƙan Kawu, ka miƙar masa da bayan da ya lanƙwashe saboda 'ya'yan mutane, ka sada shi da yarinyar da bai taɓa kiran sunanta ba. Ƙwaryar tana shagona, a ƙarƙashin keken ɗinki. Wani lokaci nakan ciro ƙugiya ɗaya in juya ta a tafin hannu, in mayar. Mutum ɗaya ne zai iya duba ya ce wannan ce ko ba ita ba ce, shi kuwa mun binne shi muna roƙa masa gafarar laifin da bai yi ba.